Shin da gaske ne shayi mai kauri yana shanye jini?

Ɗan Jega:
Assalamu alaikum. Gardama ta ƙi ƙarewa a majalisa: wasu sun ce shayin Buzaye, wanda ake dafawa a ƙaramar buta kan gawayi, yana shanye jinin mutum, wasu sun ce ai magani ne. Masu juna biyu fa, su sha ko su bari? Masana, a warware mana.

Ungozoma, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam, Malam. Shayi ba ya taɓa jinin da ke jikinka, amma maganar ba ta rasa tushe ba. A ganyensa akwai sinadarin tanin, shi ne ɗacin nan da ke kama harshe. In ya gamu da abinci a ciki sai ya riƙe sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke gina jini da shi, ya hana hanji tsotse shi yadda ya kamata. Ƙarfen wake, gero, zogale da alayyafo shi ya fi kamawa. Na nama da hanta da kifi bai cika damunsa ba. To wanda cimarsa tuwo ce da miyar ganye, kuma kullum yana kora ta da shayi, shi ne abin ji.

Gyaran ba wuya: a bar tazarar awa guda aƙalla tsakanin abinci da shayi. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba mata a wajen awon ciki kuwa da ruwa ake haɗiye ta, ba da shayi ko madara ba. Mai ciki kada kafeyin ɗinta, wato sinadarin shayi mai hana barci, ya wuce miligiram 200 a yini. Kofi ɗaya na baƙin shayi yana da wajen 40 zuwa 50, kuma goro ma yana cikin lissafin, mutane na mantawa da shi. Kofi biyu marasa kauri sun ishe ta.

Na Kamba:
Hajiya ta gama magana kan lafiya. Dahuwar ce mutane ke ɓatawa. Koren ganyen nan murɗaɗɗe na ƙasar Sin, cokali biyu ya isa ruwa ƙaramin kofin gilashi huɗu. Ka fara zuba masa ruwan zafi kaɗan, ka girgiza ka zubar, ƙurar ta fita. Wutar gawayin ta zama ta kwanta. In tana ci bal-bal ruwan zai ƙone kafin ganyen ya buɗe, ka samu ɗaci zalla. Ganye ɗaya ake dafawa sau uku. Na fari shi ne mai ƙarfi, wanda bai ci komai ba ya kiyaye shi, yana tayar da zuciya. Na biyu ake sa wa na'ana'a, a ƙarshe-ƙarshe, don in ta daɗe a wuta ƙamshin guduwa yake. Na uku ƙarfinsa ya ragu, shi ya dace da dattawa da mai ciki. Ɗaga buta sama ana tsiyayawa ba burga ba ce kawai, yana narkar da sukari, ya kawo kumfa, ya rage zafi.

Na madara kuwa, ko Lipton ne ko Highland na tsaunin Mambila, citta da kanunfari ake fara tafasawa kamar minti goma, a sauke, sannan a sa ganye minti uku zuwa biyar. Kada ka matsa lemon tsami a mai madara, tsinkewa zai yi.

Malamin Jinya, Argungu:
Abin da ya fi ganyen illa shi ne sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, ƙaramin cokali 12 ke nan, in ya tsaya a shida ya fi. Wanda ya sha zagaye uku safe da yamma, ga na teburin mai shayi da madarar gwangwani mai zaƙi, ya haura tun kafin isha'i. Sai zafi: a 2016 cibiyar binciken kansa ta hukumar ta sa abin sha da ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo kansar maƙoshi. Ka bar shi ya huce minti huɗu ko biyar. Mai fama da rashin barci kuma ya tsaya daga la'asar, domin rabin kafeyin ɗin yana nan a jiki bayan awa biyar.