Cutar dabbare-dabbare a gonar sanfulawa: me kuka gani?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Masu noman sanfulawa, shukar nan mai babban fure da ake matsar mai daga 'ya'yanta, ku kawo abin da kuka gani game da cutar nan mai sa ganye ya yi dabbare-dabbare, kore da rawaya. Yaya ake gane ta, kuma feshi yana maganinta?

Malamin gona: Wa alaikumus salam. Bairas ce, kuma a sabbin ganyen sama take fara nunawa, wani lokaci da zobe-zobe masu rawaya. In ta kama shuka a watan farko, sai ta tsumbure, kan ya fito ƙarami, 'ya'yan ba nauyi. In ta zo bayan fure, asarar kaɗan ce. Kafin ka yanke hukunci, juya ganyen. Ka ga fari-fari kamar auduga a ƙasansa, fumfuna ce. Ƙarancin taki kuwa yakan kama yanki guda bai ɗaya, ita bairas tana tsinto shuka nan da can, galibi daga bakin gona.

Mai noman iri: Mai tambaya, kan feshi kada ka zuba kuɗinka da yawa. Darɓa ce ke yaɗa ta, a bakinta take ɗauko cutar, cikin daƙiƙu ta ɗanɗana ganye ta zuba ta tashi. Kafin guba ta kashe ta, aikin gama ya gama. Amma cutar ba ta daɗewa a bakinta, in ta caki wasu ganyen sai ta goge. Shi ya sa layi uku ko huɗu na dawa ko masara a kewayen gona ke taimakawa, a shuka su sati biyu zuwa uku kafin sanfulawar. Shukar da ta kamu ba ta warkewa: rufa mata buhu tukuna sannan ka tuge, don kada darɓar ta watse. A cire gyauron bara da ciyawar bakin gona, kuma kada a ajiye iri daga gonar da ta kamu.

Mai duba cututtukan shuka: Ƙari kaɗan. In ganye da kara suna ƙonewa su yi baƙi, wuyan ya lanƙwashe, wannan wata bairas ce daban, wadda ta yi ɓarna sosai a Indiya. Wasu ƙananan ƙwari masu zama cikin fure ne ke kai ta, tare da garin furen ciyawar Parthenium. Nan dole a nome ciyawar kafin ta yi fure. Ido kaɗai ba ya raba cututtukan biyu tsaf, sai an kai ɗanyen ganye ɗakin gwaji an yi masa gwajin ELISA, mai gano irin bairas ɗin.