Wai koya wa kwamfuta wasan poka bincike ne ko ɓata lokaci?

Aminu: Jama'a ni fa abin nan ya tsaya min a rai, jami'a guda irin Carnegie Mellon ta Amurka a ce ta kwashe shekaru tana koya wa kwamfuta buga poka, wani wasan kati da ake zuba kuɗi, caca ce fa, ina amfaninta ga talaka?

Hajara: Yaya Aminu ba cacar ce ta dame su ba. A wasan ces, wato darar Turawa, komai a fili yake kan allo, shi ya sa tun 1997 kwamfutar Deep Blue ta ci zakaran duniya Kasparov. Poka kuwa katin abokin karawarka a kife yake, kana yanke shawara ne a duhu shi kuma yana ta ƙoƙarin ruɗa ka. Ko a 2015 ƙwararrun 'yan poka sun fi Claudico, manhajar da jami'ar ta yi, sai a Janairun 2017 sabuwar manhajarsu Libratus ta zauna da ƙwararru huɗu a Pittsburgh kwana 20, aka raba kati sau 120,000, ta lallasa su.

Aminu: To ta ci, sai me?

Malam Isa: Ni inda na tsaya daban ne. Na'ura ce aka horar ta nuna tana da kati mai ƙarfi alhali ba ta da shi, wato yaudara kenan, wannan bai ba ku tsoro ba?

Hajara: Malam da girmanka, babu wanda ya ce mata ta yi yaudara, da kanta ta yi ta wasa har lissafi ya nuna mata in kullum sai da kati mai kyau kake zuba kuɗi to an gama karanta ka. Kuma Tuomas Sandholm ɗin da ya jagoranci aikin shi ne ya yi manhajar da ke haɗa masu bada ƙoda da majinyata a Amurka, ba ɗan caca ba ne.

Malam Isa: Shi ne kuma ya buɗe kamfani yana wa sojojin Amurka aiki da wannan dabarar, ki faɗi duka mana.

Bashir: Abin da ni ya girgiza ni manhajar poka Pluribus ce ta 2019, 'yan wasa shida a tebur, kuma kwana 8 kacal aka horar da ita da kuɗin da bai kai dala 200 ba. In abu ya yi araha haka wa zai hana shi shiga ciniki da gwanjo?

Aminu: Batun ƙodar na yarda, amma wannan ai ba daga poka ya fito ba. Hajara ki kawo min abu ɗaya da Libratus kanta ta gyara a wajen tebur.