Safari da Hausa: wane suna za mu ba wannan tafiyar?

Baban Khalifa, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum jama'a. Ana shirya takardar sanarwa da Hausa ga masu son zuwa kallon namun daji daga nan Kaduna, zubi biyu: Yankari a watan Fabrairu, sai Kenya a watan Agusta. Kalmar da ta gagare mu ita ce safari. Wasu sun ce a bar ta yadda take tun da an saba jin ta a talabijin, wasu sun ce a sa yawon buɗe ido a huta. Masana, ku taimaka.

Malam Garba, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Kada a bar ta yadda take. Safari kalmar Suwahili ce, ma'anarta tafiya, su ma daga Larabci suka aro ta, daga safar. To wannan tushen tuni ya shigo Hausa ta wata ƙofar, shi ne safara. Da can safara fatauci ce, amma a yau kunnen Bahaushe ya fi sabawa da ita a labarai: safarar makamai, safarar ƙwaya, safarar mutane. Ku rubuta "safarin namun daji" ku ajiye kusa da "safarar namun daji" ku gani. Bambancin bai taka kara ya karya ba, ga ido ko ga kunne, alhali ta biyun babban laifi ce. An hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe tun 1989, kuma har yanzu kwastam na kama shi a tashoshinmu. Takardar da za ta bi hannun mutane ba ta dace da irin wannan kusancin ba.

Hajiya Rabi, Malali:
Malam ya yi gaskiya. Yawon buɗe ido kuma ya yi faɗi da yawa. Wanda ya je Dubai sayayya yawon buɗe ido ya yi, haka wanda ya je ganin dutsen Kufena ko ruwan Matsirga a Kafanchan. Wannan tafiyar tana da nata sharuɗɗan: kuɗin shiga gandu, mota mai buɗaɗɗen rufi, jagora, masauki a cikin gandun ko a bakinsa, da tashi tun asuba. Idan aka ce wa mutum yawon buɗe ido, da takalmin kwalliya zai zo da ƙaton akwati, yana tsammanin kantuna.

Auwal, Barnawa:
Yaya batun "farautar ido"? Tana da daɗin faɗa, kuma ai neman dabbar ake yi, sai dai da ido da kyamara.

Baba Tanko, Kawo:
Auwal ɗana, daɗin faɗa kam akwai, amma ka cire farauta daga maganar nan. Ma'aikatan gandu babu abin da ke hana su barci kamar mafarauta. A Yankari sintiri ake yi da ƙafa kwana da kwanaki saboda su, kuma an rasa rayukan ma'aikata a wannan aikin. Kenya ta haramta farautar manyan namun daji tun 1977. Gaskiya ne a zamanin Turawan mulki safari farauta ce, daga nan ma aka samo "manyan biyar", wato giwa, zaki, damisa, ɓauna da karkanda, don su ne suka fi haɗari ga maharbi a ƙasa. Amma abin da ake sayar wa baƙo a yau kallo ne, kuma kuɗin kallon nan ne ke taimaka wa tsaron dabbar. Mai karatu a gaggauce zai ga farauta, ba zai ga ido ba.

Auwal, Barnawa:
Na fahimta Baba. To "yawon daji" fa?

Hajiya Rabi, Malali:
A Kaduna? Ba wanda zai bar iyalinsa su bi tafiya mai wannan sunan. Gandun Kamuku yana nan a Birnin Gwari, cikin jiharmu, ya zama gandun ƙasa tun 1999, amma rashin tsaro ya raba shi da baƙi shekaru da yawa. Kalmar daji ita kaɗai, ba tare da namu a gabanta ba, ta ɗauki wani nauyi a wajenmu.

Malam Garba, Tudun Wada:
Akwai mai cewa a sa dawa a madadin daji, kamar a raƙumin dawa da jakin dawa. A baki babu matsala, sauti na rarrabe dawar jeji da dawar tuwo. A rubutu kuwa iri ɗaya ne. Sai an ce namun dawa cikakke, to tun da haka ne namun daji ya fi yawo a bakin mutane.

Baba Tanko, Kawo:
Ina ganin dalilin da ya sa kalma ɗaya ta ƙi zama shi ne abu biyu ake son ta ɗauka. Akwai tafiyar gaba ɗaya, daga barin gida zuwa dawowa. Akwai kuma fitar da ake yi da mota daga masauki, a zaga cikin gandu a komo. Ta biyun ita ce ainihin abin da mutum ya biya kuɗi dominsa. Sau biyu ake yin ta. Ta safe ana tashi wajen 6:00 zuwa 6:30 a dawo kafin 10:00, ta yamma daga 4:00 zuwa faɗuwar rana. Tsakanin nan rana ta take, zaki ya kwanta a inuwa, gwanki da kanki sun shige duhuwa, sai a ƙona mai a banza. Ita wannan fitar ina ba da shawarar a kira ta kilisa. Mai doki kan fita kilisa da safe ko da la'asar, ba fatauci ya je ba, ba yaƙi ba, ya zaga ya dawo inda ya tashi. Sai mu ce kilisar safe da kilisar yamma.

Malam Garba, Tudun Wada:
Allah ya ƙara girma, Baba Tanko, wannan ta zauna daram. Ita kuwa tafiyar gaba ɗaya ga balaguro. Kalma ce tamu, tana nufin tafiya mai nisa da ake kwana, daidai da abin da safari ke nufi a Suwahili, kuma ba ta da wata ƙazamar ma'ana a gefe. Balaguron namun daji. Na auna ziyara, sai na ga ziyara ta fi dacewa da mutum ko wuri mai alfarma. Kallon namun daji kuma ana yin sa a gidan zu na Kano cikin awa biyu, babu batun kwana.

Maman Sadiq, Kabala:
Malam, samarin yanzu sun san kilisa kuwa? Ina tsoron kada a yi ta tambaya.

Malam Garba, Tudun Wada:
Wanda ya tashi kusa da fada, kamar a Zariya, ya san ta. Sauran layi ɗaya ya ishe su: "kilisa, wato fita da mota cikin gandu don ganin namun daji." Daga nan ta zauna.

Hajiya Rabi, Malali:
Raba kalmomin nan biyu zai hana rigimar da aka fi yi a wannan sana'ar, bari in nuna muku. Kamfanonin Kenya suna ƙirga tafiya da wuni, mu kuma da kwana muke ƙirgawa. Tsarin zuwa Masai Mara, sanannen gandun namun dajin Kenya, da suka fi tallatawa wuni 3 ne, kwana 2. Idan mai fassara ya rubuta "kwana 3", ya ƙara wa mutane daren da babu shi. Ga yadda wunin ukun suke. Na farko ana barin Nairobi da safe, a bi ta Narok, awa 5 zuwa 6 a mota, a isa da rana, a samu kilisar yamma ɗaya. Na biyu shi ne cikakke, ko dai kilisa biyu ko a fita da abincin rana a wuni a ciki. Na uku, in an yi sa'a, gajerar kilisar safe, sai hanya. Wasu kamfanonin ma ba sa yin ta ukun, don tikitin shiga Mara na wuni ɗaya ne, shiga da safiyar ranar komawa sabon kuɗi ne. Kuɗin ba kaɗan ba ne: tun 2024 baƙo baligi daga waje dala 100 yake biya a wuni daga Janairu zuwa Yuni, dala 200 daga Yuli zuwa Disamba. Saboda haka kada a tambayi kamfani kwana nawa kawai. A tambaye shi kilisa nawa, kuɗin shiga yana cikin farashin ko a'a, mutum nawa a mota. Shida ne daidai, kowa da tagarsa. Idan aka cusa takwas ko tara, na tsakiya ƙeyar mutane zai yi ta kallo. A sa amsoshin a rubuce kafin a tura ko sisi.

Baban Khalifa, Unguwar Rimi:
Hajiya, Agusta ta yi daidai ko a matsa?

Hajiya Rabi, Malali:
Ta yi. Daga Yuli zuwa Oktoba garken nan na dabbar da suke kira nyumbu, 'yar uwar kanki, sama da miliyan ɗaya, tare da jakunan dawa, ke hayewa daga Serengeti ta Tanzaniya zuwa Mara, suna tsallake kogin Mara inda kadoji ke jira. Sai dai kada takardarku ta yi alkawarin ganin tsallakewar. Garke kan taru a gaɓa ya yi awoyi sannan ya juya. Lokacin ne kuma masauki ya fi tsada, a kama wuri tun da watanni. Afrilu da Mayu damina ce mai ƙarfi a can, farashi na sauka amma baƙar lakar wurin na riƙe mota. Daga nan hanya mafi sauƙi jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja, sai jirgin sama ta Addis Ababa. Katin allurar shawara dole ne, kuma sai ta kwana 10 a jiki take aiki a wajen jami'ai, don haka ba ranar jajibiri ake yin ta ba. Wanda zai ƙara da Tanzaniya ya sani mai fasfon Najeriya ba a ba shi biza a filin jirgi, sai an tura takardunsa an tantance, a fara nema akalla wata biyu kafin tafiya. Wanda kuma zai hau ƙaramin jirgi daga filin jirgin Wilson na Nairobi zuwa Mara, kilo 15 ne iyaka, a jaka mai laushi. Kada a sa leda a kaya, Kenya ta hana ta tun 2017.

Injiniya Bulus, Sabon Tasha:
A ƙara batun tufafi a takardar. A guji baƙi da shuɗi, su ne launin da ke jawo tsando. Masu binciken sammore da ke nan Kaduna da kyallen shuɗi da baƙi suke ɗana masa tarko. A sa ruwan ƙasa ko kore mai duhu, dogon hannu. Mara tana kan tudu sama da mita 1,500, kilisar safe a buɗaɗɗiyar mota sanyi ne sosai, a tafi da rigar sanyi. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya fi kowane amfani, wanda ya fi shi ƙarfi rawa yake a hannu in mota na motsi.

Maman Sadiq, Kabala:
Da batun salla. Ba a sauka daga mota a cikin gandu sai a wuraren da aka keɓe. A yi asuba a masauki kafin kilisar safe, a yi la'asar kafin ta yamma. Ranar wuni a ciki a gaya wa jagora tun da dare ya tsara tsayawa inda aka yarda a sauka, matafiyi yana da sauƙin ƙasaru da haɗawa. Abincin halal ma a rubuta wa masauki tun lokacin biyan kuɗi.

Auwal, Barnawa:
Ita nyumbun fa, ba ta da suna da Hausa? Na ga wasu na rubuta kanki.

Baba Tanko, Kawo:
Kuskure ne. 'Yan uwa ne, amma kanki dabba ce dabam, ja-ja mai dogon fuska, kuma akwai shi a Yankari. Nyumbu babu ita a ƙasar Hausa, a bar mata sunan da masu ita suka ba ta. Idan kuma wani wuri ana tafiya da ƙafa tare da ma'aikaci mai bindiga, wannan tattaki ne, kada a haɗa shi da kilisa, don sharuɗɗansa dabam ne kuma yawanci ba a yarda da yara ƙanana ba.

Baban Khalifa, Unguwar Rimi:
Madalla, Allah ya saka da alheri. Ga yadda kan takardar zai fita: "Balaguron namun daji zuwa Yankari, wuni 3, kwana 2, kilisa 4." A wasiƙar da za a aika wa kamfanin Kenya sai a yi amfani da kalmarsu.

Baba Tanko, Kawo:
Sunan ya yi, amma ka rage lissafin, Baban Khalifa. Kilisa 4 ba za ta samu ba. Daga Kaduna ta Pambeguwa da Saminaka zuwa Jos, sannan kusan kilomita 130 zuwa Bauchi, sannan wajen 110 zuwa sansanin Wikki, masaukin baƙi na cikin Yankari, a ratse a Dindima kan hanyar Gombe. Daga ƙofar shiga gandun ta Mainamaji kaɗai zuwa sansanin kusan kilomita 40 ne, kuma ba a gudu a ciki. Ko an bar Kaduna da sassafe, da la'asar za a isa, a gajiye. Ranar komawa ma dole a tashi da wuri don kada dare ya riske ku a hanya. Ka rubuta kilisa 2, duka a wuni na biyu, yammacin isowa kuma a bar wa mutane su shiga ruwan Wikki, wanda ɗuminsa ke tsaye wajen digiri 31 duk shekara. In ana son 4, sai a ƙara kwana ɗaya. Fabrairu zaɓi ne mai kyau, ciyawa ta bushe, dabbobi na gangarowa kogin Gaji, can ake fi samun ɓauna da gwambaza, giwa kuma sai an dace. Ka ƙara layi ɗaya a ƙasa: kada a riƙe abinci a hannu a cikin sansani, a kuma rufe ƙofa da taga in za a fita, saboda birai na fizgewa kuma suna shiga ɗaki.