Ina so in ajiye aiki in koma Jimeta da zama, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a ɓoye sunana, akwai abokan aikina a cikinku.

Ni mutumin Garwa ne a Kamaru, shekarata 48, mata ɗaya, 'ya'ya biyar. Direban babbar mota nake a wani kamfani, Garwa zuwa Ngaundere, wani lokaci har Kuseri. Bayana ya gaji. In na sauko daga mota sai na dafa taya na ɗan tsaya kafin in iya miƙewa, yaron motata har ya saba, ba ya ma tambaya. Likita ya ce in rage zaman mota.

Abin da na tara sefa miliyan 9 ne, har da rabona na gonar mahaifinmu da muka sayar. Ina da gida a unguwar Yelwa, dillali ya ce zai yi miliyan 8.

Watan jiya na je biki Jimeta wajen dangin mahaifiyata. Na canza sefa dubu 50, aka miƙo mini naira dubu ɗari da ashirin da wani abu, ɗaurin da ya ƙi shiga aljihun riga. Sati guda ina ci ina sha ina hawa keke, na yi wa amarya gudummawa, na saya wa uwargida atamfa, na dawo da canji. Tun daga nan barci ya ƙaurace mini. In na sayar da gida na haɗa, miliyan 17 ke nan, a naira ya haura miliyan 40. Kawuna ya ce in zo, da wannan kuɗi sai dai in shimfiɗa tabarma a ƙofar gida in yi ta jan carbi. Shin in ajiye aikin in koma? Wanda ya san abin ya faɗa mini gaskiya ko da ɗaci.

Ɗan canji, babbar kasuwar Garwa: Wa alaikumus salam Yaya. Sana'ata ke nan, don haka bari in fara. Abin da ka gani a Jimeta faɗuwar naira ce, ba arahar kaya ba. Sefa tana ɗaure da yuro, kusan sefa 656 kowace yuro ɗaya, ba ta motsi. Naira kuwa an sake ta a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Kai da ka je da sefa sai ka ga kamar an yi maka kyauta. Amma ranar da ka canza miliyan 17 ɗin nan gaba ɗaya, ka zama ɗan Najeriya a aljihu, abin da ke cin su shi zai ci ka. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi a can ta wuce kashi 34 cikin ɗari. Man fetur da yake ƙasa da naira 200 kafin Tinubu ya cire tallafi, sai da ya kai dubu. Mu nan ma mun ji a jikinmu, ka tuna yadda kwalbar zuwa-zuwa, wato fetur ɗin Najeriya na sumoga, ta yi tsalle a bakin titi. In ma za ka tafi, bar kuɗinka a sefa, ka riƙa canza na wata ɗaya.

Maman Abba, Marwa: Kai dai ka lissafa kuɗi, ban ji ka lissafa yara ba. Ajin nawa suke? Yaron da ya yi shekara tara yana karatu da Faransanci, yana shirin BEPC, jarrabawar ƙaramar sakandare, ka kai shi inda ake WAEC da Turanci, sai an mai da shi baya. Ɗan ƙanwata haka aka yi masa a Mubi, saurayi guda a cikin ƙananan yara, ƙarshe ya daina zuwa. Kuma ka tambayi uwargida kuwa, ko atamfar ce tambayar?

Tsohon akawu, Ngaundere: Ƙanena, na yi shekaru ina cika wa direbobi takardun fansho, saboda haka ka saurare ni da kyau. Kafin ka yi maganar Jimeta, je ofishin CNPS, hukumar fansho ta ma'aikata, ka karɓi takardar da ke nuna watanni nawa aka zuba maka. Kada ka dogara da abin da ke rubuce a takardar albashi, don akwai masu gidan da ke cirewa daga albashi ba su kai ba, sai ranar ritaya mutum ya ga rami.

Ƙa'idar ita ce wata 180 na zubi, wato shekara 15, da shekara 20 tun rajistarka, kuma wata 60 daga ciki su faɗo a shekaru goma na ƙarshe. Shekarun fansho 60 ne, amma wanda ya cika waɗannan sharuɗɗa yana iya neman nasa tun yana 50 in ya bar aikin albashi. Abin da ake ba ka kashi 30 ne na matsakaicin albashinka na shekarun ƙarshe, da ƙarin kashi ɗaya a kan kowace shekarar da ta haura 15 ɗin. In albashin da aka rubuta maka dubu 160 ne, ka ga dubu 48 ke nan duk wata har ƙarshen rai, in ka riga iyali tafiya su ma suna da rabo. In kuwa ba ka cika 180 ba, dunƙule ɗaya za a ba ka a sallame ka. Na ga wanda ya yi fushi da maigidansa ya ajiye makulli saura wata bakwai. Har yau in muka haɗu a masallacin Juma'a sai ya kawar da kai.

Ga kuma lissafin da ba ka yi ba. Gida mai mutum bakwai, a ce dubu 150 a wata, miliyan 9 shekara biyar ce cif. Kana da 53 kuɗi ya ƙare, autanka bai gama firamare ba. Wannan ma in ba a yi ciwo ba, ba a yi aure ba, ba a yi rasuwa ba.

Alhaji na Jimeta: Ni ban yarda da masu tsorata shi ba. Daga Gidar na dawo nan shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ban yi nadama ba. Kasuwa ta fi motsi, kayan gini da sutura sun fi sauƙi, ga dangi. Amma Malam, ni da sana'a na zo, ina sayar da kayan babur. Wanda zai zo ya zauna kawai, dangin da suka tarbe ka a biki su ne za su yi layi a ƙofarka, don labari zai riga ka isowa cewa mai miliyan arba'in ya sauka. Baƙon sati guda daban, maƙwabci daban. Kuma ka sani Kamaru ba ta cikin ECOWAS, zuwa biki ba wanda zai tare ka, amma zama da sayen fili da buɗe asusun banki duk sai an nemi takardu. Ƙasarku kuma ba ta yarda da ɗan ƙasa biyu ba.

Baba mai ritaya, Garwa: Ɗan canji ya ce sefa ba ta motsi. Yaro ne shi. A Janairun 1994 mun kwana da kuɗinmu, muka tashi an raba darajarsu biyu, bayan an riga an zaftare mana albashi a 1993. Ni ba na amince wa takarda, ko ta wace ƙasa ce. Ɗana, kada ka sayar da gidan nan. Sa haya a ɗakuna biyu, sayi masara da gyaɗa da kaka ka ajiye zuwa bazara, ka ɗaure raguna kafin layya.

Ɗan canji, babbar kasuwar Garwa: Gaskiyarku ne Baba, lokacin ina goye. Amma sau ɗaya ke nan cikin shekara talatin, naira kuwa 2016 ta faɗi, 2023 ta sake.

Wani daga Kuseri: Mu nan kullum muna ganin irinta. Ma'aikatan Injamena da yawa nan suke kwana saboda haya, da safe su tsallaka gadar Ngeli. Kuɗi ɗaya ne, ba canji, ba sauya makaranta. In araha kake nema, me ya hana ka duba Pitowa ko Gashiga, nan kusa da Garwa?

Mai tambaya: Na gode 'yan'uwa, Allah Ya bar zumunci. Maman Abba, kin kama ni, ban tambaye ta ba sai daren jiya. Ta ce in je Jimeta in gaishe su, ita tana nan har babban ya gama jarrabawa. Yallaɓai akawu, yau da safe na je na karɓo takardar, wata 158 aka rubuta, ni kuwa a lissafina 166 ne. Takwas ɗin na kamfanin da na fara yi wa aiki ne, wanda ya daɗe da rufewa. Takardun albashin lokacin suna cikin akwatin ƙarfe a ɗakin uwargida, in gara ba ta riga ni ba. Zan roƙi maigida ya sauke ni daga mota ya mai da ni gareji ko sito, ko da albashi zai ragu. To a nan ne tambayata: in albashin ya ragu a waɗannan shekaru biyu na ƙarshe, fanshon ma raguwa zai yi? Dillali kuma ya kira ni sau uku yau, ban ɗaga ba.