Shawarwarin masu hawan Mont Blanc bayan mamakon ruwa

A wata tattaunawa kan ko za a iya hawa Mont Blanc, tsauni mafi tsayi a jerin tsaunukan Alps na Turai, bayan mamakon ruwa, galibin mahalartan sun yi ittifaƙi cewa ruwan da aka tafka a kwarin Chamonix da ke gindin tsaunin dusar ƙanƙara yake zama a can sama, don haka gara mai niyyar hawa a ƙarshen mako ya dakata har ta zauna, tunda sabuwar dusa ce ta fi saurin zaftarewa. Sun fi jan kunne kan mashigar Grand Couloir, wani kwazazzabo da ke kan hanyar hawan, inda duwatsu ke gangarowa musamman idan rana ta take, suka ce a tsallake ta da sassafe sanye da hular kwano. Shawarar da ta fi gamsar da ni ita ce a tuntuɓi masaukin masu hawa na Goûter, wanda ke kan tsaunin a tsayin mita 3,835, kafin a tashi.