Gwiwa ta fara gardama: in ƙara kaka ɗaya ko in karɓi usur?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata 33, na yi shekara 11 ina cin abinci da ƙwallon kwando. Ni ne mai rarraba ƙwallo, ni ne kyaftin. Tun bara gwiwata ta hagu ta fara yi mini gardama. Duk ranar wasa da ƙanƙara nake kwana, da safe kuma matakala ɗaya-ɗaya nake saukowa kamar dattijo. Kulob ɗinmu sun ce in zaɓa: in ƙara kaka ɗaya a fili, ko in zama mataimakin koci, ko in haɗa biyun. Wani ƙaramin kulob kuma ya ce in zo in zama babban koci kai tsaye. Gaskiya hankalina yana can, don ina ganin abin da na sani ya isa. Me kuke gani?

Wani tsohon koci:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kalmar nan taka ta "abin da na sani ya isa" ita ta sa na yi magana. Jikinka ne ya sani, bakinka bai sani ba tukuna. Ranar da na fara koyarwa, wani yaro ya yi jifa goma babu ko ɗaya a kwando. Na karɓi ƙwallo na ce "kalle ni", na jefa ta shiga, na miƙa masa. Ya sake ɓaras. Sai da wani malami da ko a ƙuruciyarsa bai taɓa yin fice a wasa ba ya zo ya dafa gwiwar hannun yaron, ya ce ta karkace waje, ya mayar da ita ƙarƙashin ƙwallo. Ni ban ma gani ba, don tawa ba ta taɓa karkacewa ba.

Sai kuma hutun minti ɗaya da koci ke nema. Kafin yara su zauna su kurɓi ruwa, kusan rabinsa ya tafi. Abu biyar ke ranka, ɗaya kawai za su iya ɗauka. Wanne za ka faɗa? Wannan a gefen wani ake koyonsa.

Magic Johnson ya ci kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, sau biyar yana ɗan wasa, amma da aka ba shi kocin kulob ɗin Lakers a 1994, wasa 16 ya jagoranta, ya ci 5, aka doke shi 11, ya ajiye. Erik Spoelstra kuwa bai taɓa buga NBA ba. A 1995 ya shiga Miami Heat yana aikin tsara bidiyon wasanni, sai 2008 ya zama babban koci, ya ci kofi a 2012 da 2013. Ka karɓi mataimaki.

Wani ɗan'uwa:
Baba koci, Allah ya ƙara girma, amma ka ɗauko wanda ya faɗi ka bar wanda ya tsaya. Larry Bird bai taɓa zama mataimakin kowa ba, ya karɓi Indiana a 1997, aka ba shi gwarzon koci a 1998, ya kai su wasan ƙarshe a 2000. Steve Kerr ma haka, 2014 ya karɓi Golden State, 2015 kofi. Dama sau ɗaya take zuwa, ni dai na ce ya tafi.

Tsohon koci:
Ka yi gaskiya, amma ka duba wa ke zaune kusa da Bird: mataimakansa Rick Carlisle da Dick Harter, ɗaya na riƙe da hari, ɗaya na riƙe da tsaro. Kerr kuma ya daina wasa tun 2003, ya yi sharhi a talabijin, ya yi manajan Phoenix, shekara 11 kafin ya zauna a wannan kujera. Ƙaramin kulob ɗin nan wa zai ajiye masa a gefe? Shi kaɗai zai zama koci, mai bidiyo, mai lallashi.

Wata 'yar'uwa da ta buga wasan:
Ƙanena, ko me za ka zaɓa, ka rabu da zancen haɗa biyun. Na san za a ce Bill Russell ya yi, ya ci kofi a 1968 da 1969 yana wasa yana koci a Boston. To, shi Bill Russell ne. Kai za ka yi kuskure a fili, minti biyu bayan nan ka yi wa wani faɗa a kan irin kuskuren, ya dube ka ya yi shiru. Shirun nan ya fi zagi ciwo. Kuma ka shirya wa ranar da za ka ce a zaunar da abokin da kuka shekara kuna ɗaki ɗaya a tafiye-tafiye. In kana son misalin wanda ya fara da mataimaki, Ime Udoka ya buga wa Najeriya, ya zauna shekara bakwai a gefen koci Gregg Popovich a San Antonio daga 2012, ya ƙara biyu a wasu wurare, sannan Boston ta ba shi a 2021, shekarar farko ya kai su wasan ƙarshe.

Wani memba:
Duk kun tsallake gwiwar. Malam, ka je likitan ƙashi ya duba kafin ka sa hannu a komai. Koci ma a tsaye yake yini.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Baba, maganarka ta yi mini zafi, shi ya sa jiya na roƙi a bar ni da ƙananan yaran kulob na awa ɗaya. Wallahi sau huɗu na kama kaina ina cewa "kalle ni". Zan ga likita ranar Litinin, kuma ina ganin mataimakin zan karɓa. Abin da ya rage, Yaya, shi ne zancen abokai. Su daina kirana da sunan da suka laƙaba mini, ko in bar su?

'Yar'uwar:
Bar su, da kansu za su daina. Kai dai ka kwashe kayanka daga ɗakin canza kayan 'yan wasa tun ranar farko, kuma a mota ka koma kujerar gaba.