Cinyoyina na rawa wajen saukowa daga Shere, ga tseren Dutsen Kamaru ya matso

Tela Ɗan Gangare:
Salamu alaikum jama'a. Ɗinki nake yi a Jos, shekarata 29, kuma shekara uku ke nan ina gudun safe. Bana na ɗaura niyyar shiga tseren Dutsen Kamaru da ake yi a garin Buea cikin Fabrairu. Tun Oktoba nake zuwa duwatsun Shere sau uku a mako: ina idar da asuba in hau babur, in ajiye shi wajen wata mai ƙosai a gindin dutse, in kama hanyar makiyaya.

Hawa ba ya ba ni tsoro, numfashina na kai ni. Saukowa ce ke neman tona min asiri. Ran Asabar na ce bari in sauko da gudu yadda nake ganin 'yan tseren suna yi a bidiyo. Ban yi rabi ba cinyoyina suka kama rawa kamar mazari, na zame a kan wani falalen dutse, tafin hannuna ya saluɓe. Ran Litinin ko feda ta keken ɗinki na kasa takawa, ga kayan biki mutane na jira. Farcen babban yatsana ma ya yi baƙi. Wai haka abin yake, ko ni ne ban iya ba?

Bakano a Duwala:
Wa alaikumus salam Tela. Sau biyu ina zuwa kallo a filin wasa na Molyko, inda ake tashi kuma ake ƙarewa. Zuwa da dawowa wajen kilomita 38 ne, ƙwanƙolin kuma ya haura mita 4,000. Shere ɗinka bai kai mita 1,900 ba, wato inda kake tsayawa kana haki, a Dutsen Kamaru bukkar farko ce kawai ta hutun masu hawa, saura biyu kafin a kai sama. Da ka fita daga kurmi sai ciyawa da baƙar tsakuwar aman wuta mai gudu ƙarƙashin ƙafa, ga iska mai sanyin da ya fi na Jos a Janairu. Ka nemi safar hannu, don sanyi da kuma faɗuwa.

Abin da idona ya gani: waɗanda ke shigowa fili da jini a gwiwa, yawancinsu a saukowa suka samo shi. Zakarun maza kan gama cikin awa huɗu da rabi ko kusa da haka. Sarah Etonge kuwa, wadda suke wa kirari da sarauniyar dutse, sau bakwai tana lashe na mata, kuma tana da 'ya'ya a lokacin. To kar in ji ka ce keken ɗinki ne ya hana ka.

Baba Tsohon Soja:
Yaro, birki kake takawa da dunduniya, shi ya sa. Duk takun da ka miƙe ƙafa gaba ka jingina baya, cinya ce ke ɗaukar nauyinka gaba ɗaya. Gajarta taku, ka yawaita shi, ka ɗan karkato gaba, ka saki hannuwa su yi maka ma'auni. Idonka ya riga ƙafarka da taku uku ko huɗu.

Ciwon da ya fi tsanani a kwana na biyu ba sabon abu ba ne, jiki na sabawa. Amma saukar gudu sau ɗaya a mako ta ishe ka, sauran ranakun ka gangaro a hankali. A shago ka samu benci, ka hau, ka riƙa sauke ƙafa ɗaya sannu kamar mai gwada zurfin rafi, goma nan goma can. Inda dutse ya miƙe sosai kuma kar ka ji kunyar tafiya, dafa gwiwa ka tura. Saura mako biyu tsere, ka bar saukar ƙarfi kwata-kwata.

Farce kuma takalmi ne ya matse. Yanke faratanka, ka sayi wanda ya ɗan fi ƙafarka, mai haƙora a ƙasa, ka ɗaure igiyar da kyau ta wajen idon sawu.

Maman Hanifa:
Ni Dala ma sai na huta sau biyu kafin in kai sama, don haka ba ni da ta cewa a gudu. Amma ƙanina, ka daina zuwa kai kaɗai da duhun asuba. Ka targaɗe a can wa zai sauko da kai, shanu? Kuma ƙosai ba guzuri ba ne, ka riƙe dabino da ruwa.

Tela Ɗan Gangare:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na gwada na bencin yanzu, a na bakwai ƙafar hagu ta ce ba da ita ba, yaran shago sai dariya suke min. Yaya Maman Hanifa, na samu wani maƙwabcina zai riƙa raka ni ran Asabar. Malam na Duwala, in na sauka garinku, daga wace tasha ake samun motar Buea, kuma kwana nawa ya kamata in riga ranar tseren isa?